Bidiyon Green Day na watan Satumba: waƙar uba ce ko ta yaƙi?

Mai Tace Hoto: Assalamu alaikum jama'ar gida. Kwana uku ke nan wata magana tana cina, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai waɗanda suka taso da wannan kiɗa kamar ni. Sana'ata tace bidiyo, na biki da na waƙa, shekara 11 ina yi. Duk yaron da aka kawo mini koyon aiki, abin da nake fara nuna masa shi ne bidiyoyin Green Day, ƙungiyar kiɗan pank ta Amurka, na kundin American Idiot na 2004, waɗanda Samuel Bayer ya ba da umarni. Ina girmama aikin mutumin ƙwarai. Amma akwai guda ɗaya da har yau zuciyata ta ƙi karɓa, wato na "Wake Me Up When September Ends".

Waƙar nan Billie Joe Armstrong, mawaƙin ƙungiyar, ya yi ta ne a kan mahaifinsa, wanda ciwon daji ya kashe a watan Satumba na 1982, lokacin yaron yana ɗan shekara 10. Uban direban babbar mota ne, yana kuma kaɗa ganga a kiɗan jazz. Billie shi ne auta cikin 'ya'ya 6. To waƙar maraici ce tsantsa. Sai aka zo yin bidiyo a 2005, aka ɗauko Jamie Bell da Evan Rachel Wood, aka mai da abin labarin saurayi da ya shiga soja aka tura shi Iraƙi, budurwa tana kuka a gida. Minti 7 ana abu, ba a nuna uba ko sau ɗaya ba. Gani ya kori ji. Yau in ka tambayi mutum goma, takwas za su ce maka waƙar yaƙi ce. Ni a wurina an ƙwace wa maraya makokinsa. Ko ni kaɗai nake ganin haka?

Ɗalibin Samaru: Wa alaikumus salam Yaya. Ni matsalata ta wuce wannan bidiyo ɗaya. Tun ranar da suka bar ƙaramin kamfanin Lookout suka sa hannu da babban kamfanin Reprise a 1993 maganar ta ƙare. Pank asalinsa kiɗan 'yan ƙin jinin manyan kamfanoni ne. 'Yan ƙungiyar Dead Kennedys a 1985 waƙa guda suka yi suna korar MTV, tashar talabijin ta bidiyon waƙoƙi. Fugazi har suka daina wasa ba su yarda da harkar bidiyon talla ba, kuɗin shiga wasansu ma dala 5 suke so ya tsaya don talaka ya samu shiga. In ka kai matsayin da kake hayar 'yan fim na Hollywood da motocin yaƙi, ai ba pank kake yi ba kuma, ko da ka shafa kwalli a ido.

Mai Tace Hoto: Ƙanina, za mu zo kan wannan. Amma ka fara amsa mini tambayata tukuna.

Ɗalibin Samaru: Amsar ke nan ai Yaya. Wanda ya sayar da gida ba zai yi kukan ɗaki ba. Kamfani ya ga yaƙin Iraƙi ne abin da ke bakin kowa a 2005, sai aka jingina waƙar da shi.

Maman Ikram: Salamu alaikum. Ban cika magana a nan ba, amma wannan ta taɓa ni. Malam Mai Tace, Allah ya jiƙan iyayenmu, na fahimci abin da kake nufi, sai dai ban yarda ba.

Maigidana soja ne. Shekara biyu da wata huɗu ya yi a arewa maso gabas, ni ina bariki da yara biyu da tsohon ciki. Ba na jin Turanci sosai irin na waƙa, kalmomin suna gudu su bar ni. Ƙanena ne ya tura mini bidiyon nan a waya. Akwai wurin da aka tsayar da kiɗan gaba ɗaya, yarinyar ta fito tana yi wa saurayin ihu don ta ji ya shiga soja bai gaya mata ba, shi kuma yana cewa don su ya yi. Wallahi na ajiye wayar na shiga ɗaki. Ranar da aka kira sunan maigida cikin masu tafiya, shi ma sai da ya yi kwana biyu bai faɗa mini ba. A bakin matar maƙwabci na ji, ina tsaye a bakin famfo da bokiti. Irin ihun nan na yi masa, kalma da kalma kusan, alhali ban taɓa ganin bidiyon ba a lokacin.

Daga baya ne na ji labarin mahaifin mawaƙin. Bai rage mini komai ba. Rashi ɗaya ne. Wanda ubansa ya tafi da wadda ke zaune tana jiran waya ta yi ƙara, dukansu ƙirga kwanaki suke yi.

Mai Tace Hoto: Allah sarki Maman Ikram. Allah ya ƙara tsare mana su, ya saka musu da alheri. Ban yi tunanin ta wannan fuskar ba, gaskiya.

Maman Ikram: Amin, na gode. Alhamdulillahi ya dawo lafiya, yana nan.

Kawu na Oakland: Salamu alaikum 'ya'yana. Na tashi na tarar da saƙonni, lokacinmu ba ɗaya ba ne. Shekara 26 ke nan ina wannan yanki na Kalifoniya, tuƙi nake yi, don haka wuraren da kuke faɗa ina bi ta gabansu kusan kullum.

Ɗana na Samaru, bari in ba ka labarin wani ɗakin wasan pank da ke bin aƙidar da kake karewa, don ka san shi da kyau. Sunansa 924 Gilman, a yammacin Berkeley, unguwar ma'ajiyar kaya da garejin kanikawa. In ba a nuna maka ba za ka wuce, gini ne na bulo mai hawa ɗaya, ba wani ado. An buɗe shi a ƙarshen 1986. 'Yan sa-kai ne ke tafiyar da shi, ba mai gida guda. Dokokinsu a rubuce suke a ƙofa: ba giya, ba ƙwaya, ba faɗa, ba wariyar launin fata, yara ƙanana ma suna shiga. Kuma ba a yarda da mawaƙan manyan kamfanoni su hau dandalin ba. A nan Green Day suka yi ƙuruciyarsu tun suna amsa sunan Sweet Children. Da suka koma Reprise, dokar ta hau kansu, aka rufe musu ƙofa. Abin ya yi musu ciwo, har ya fito a waƙoƙin kundin Insomniac na 1995. A 2015 sun sake hawa dandalin a wani wasan tara gudunmawa, a shekarar da aka shigar da su zauren girmamawa na mawaƙan rok.

Na ɗauki matasa da yawa daga ƙofar wurin nan da dare, gumi sharkaf, kunne na ƙara. Wasunsu har yau ba sa son a ambaci Green Day, wasu kuma za su ce maka ba don bidiyon "Basket Case" da suka gani a talabijin suna yara ba, da ba su taɓa sanin akwai Gilman ba. To kai kanka ɗana, a ina ka fara jin pank?

Ɗalibin Samaru: Gaskiya Kawu, a wayar yayana ne, bidiyon "Holiday" na Green Day. Daga nan na bi baya na samo Ramones da Clash da sauran.

Kawu na Oakland: To ka gani. Ba ina cewa ka bar ra'ayinka ba ne. Maganar kuɗi da kamfani gaskiya ce, kundinsu Dookie ya sayar da kwafi sama da miliyan 10 a Amurka kaɗai, kuma mai wannan ba zai zauna yadda yake ba. Amma ƙofar da ka shigo ta ita kake zagi.

Ɗalibin Samaru: Na ji Kawu. Amma ƙofa daban, cikin gida daban. Ina nan a kan bakana cewa bayan 1994 wani abu ne daban suke yi, mai daɗi, amma daban.

Ɗan Damagaram: Sannunku. Mu a nan Zinder a faifan bidiyo muka same su, irin wanda ake haɗa waƙoƙi talatin a ciki, rap na Faransa da na Amurka da komai a cakuɗe. Wani ɗan unguwarmu da ke zuwa Kano sayayya ya zo da shi wajen 2006. Ba mu san sunan ƙungiyar ba ma, "masu kore" muke ce musu, saboda bidiyon "American Idiot" inda tutar Amurka take kore a bayansu, layukanta suna narkewa suna zuba ƙasa, a ƙarshe ruwa kore ya fashe daga lasifika ya wanke su. Mu da Faransanci muka yi makaranta, ba ma jin kalma ɗaya, amma mun gane mutanen nan fushi suke da ƙasarsu. Lokacin kowa yana maganar Bush da Iraƙi a fada. Abin ya ba mu mamaki, Ba'amurke yana yi wa tutarsa haka, kuma a nuna a talabijin ɗin ƙasarsa.

Shi ya sa nake ganin Malam Mai Tace ya manta abu ɗaya. Kundin gaba ɗayansa labari ne guda, an sake shi a Satumba 2004, saura 'yan makonni zaɓen Bush da Kerry. Hoton bangon ma hannu ne riƙe da gurneti mai siffar zuciya yana zubar da jini. In aka zo kan waƙar Satumba aka kawo yaƙi, ba daga sama aka faɗo ba.

Mai Tace Hoto: Wannan hujja ce mai ƙarfi ɗan'uwa, na karɓa. Amma duba, a cikin kundin ita ce waƙar da ta fita daga labarin. Duk sauran a kan wani yaro ƙirƙirarre ne da ya bar gida. Ita kaɗai ce mawaƙin ya cire rigar wasa ya yi magana da bakinsa. Shi ya sa nake ganin da an bar ta haka nan.

Kuma sun san yadda ake yin wannan. Ku koma ku kalli "Good Riddance" na 1997 da Mark Kohr ya yi. Mutum ɗaya zaune a bakin gado da jita, sai kamara tana wucewa a hankali ta kan fuskokin mutane na yau da kullum, kowa a cikin sha'aninsa. Ba labari, ba ihu. Mai kallo shi ke zuba nasa a ciki. Ya ci kyautar MTV a 1998. Irin wannan nake so a yi wa Satumba.

Anti Nas: Salamu alaikum. Tunda Kawu ya ambaci "Basket Case", ku ba ni dama in karkata kaɗan, don ni wannan ne ke damuna, ba na Satumba ba. Shekara 14 ina aikin jinya a ɓangaren masu larurar ƙwaƙwalwa.

An ɗauki bidiyon a 1994 a wani asibitin masu taɓin hankali na gaske, Agnews, a gundumar Santa Clara, a ɓangaren da aka daina amfani da shi. Mawaƙan sun fito a matsayin majinyata, ma'aikata cikin fararen kaya, ana layin karɓar magani. Na fara ganinsa ina 'yar makaranta, na yi dariya kamar kowa. Da na fara aiki na sake kallo, sai dariyar ta ƙi zuwa. Layin maganin nan ni nake tsayawa a ɗaya gefen nasa kowace safiya da faranti da ƙananan kofuna. Waɗanda ke cikin layin iyayen wasu ne, akwai malamin makaranta, akwai amarya da ta haihu wata biyu da suka wuce. Danginsu kan roƙe mu kada mu gaishe su in mun haɗu a kasuwa, don kada a gane inda muka san juna. Duk hoton da ya ƙara nuna wurin nan a matsayin abin kallo, nauyi yake ƙara musu.

Amma kuma ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba. Billie Joe ya yi waƙar ne a kan kansa. Yana fama da ciwon firgici, irin wanda zuciya ke bugawa, numfashi ya sarƙe, mutum ya ɗauka mutuwa ce ta zo ko hankalinsa ne ke gushewa, kuma a lokacin bai san sunan abin ba. Na taɓa samun wani saurayi ɗan jami'a da aka yi ta yawo da shi ana cewa iska ce. Da na yi masa bayanin ciwon, shi da kansa ya ce, "Anti, irin na mai waƙar nan ne?" Ya ciro waya ya nuna mini. Wannan ne karo na farko da na ga kafaɗunsa sun sauka. Don haka ina tsaka-tsaki. Waƙar ta taimaki yaron, hoton kuma ina jin tsoron abin da yake koya wa wanda bai san komai ba.

Maman Ikram: Anti, wannan ciwon firgicin yana kama wanda ya dawo daga fagen daga? Ina tambaya ne saboda dalili.

Anti Nas: Yana kamawa 'yar'uwa, shi da wasu makamantansa, kamar firgita cikin barci da rashin son ƙara. Kuma ana samun sauƙi sosai in an ga likita. Ki yi mini magana ta gefe, mu yi ta a natse.

Maman Ikram: To Anti, na gode, zan yi.

Mai Tace Hoto: Anti, ban taɓa kallonsa da wannan idon ba. Ni abin da nake nuna wa yara a cikinsa launi ne kawai. A baƙi da fari aka ɗauke shi, daga baya aka zuba launuka, shi ya sa fatar mutane da bango suke wani irin haske da ba na duniya ba, kore ya yi kore da yawa, ido ya yi shuɗi kamar na 'yar tsana. Ni a fahimtata wannan launin shi ne ciwon. Haka duniya take wa mai firgici, komai ya fi ƙarfin ido. An sa shi takarar kyautar MTV guda 9 a 1995 bai ci ko ɗaya ba, amma ya fi da yawa daga waɗanda suka ci daɗewa a zukatan mutane.

Anti Nas: Wannan bayanin launin ya shige ni, don majinyata suna faɗin haka, cewa haske yana yi musu yawa. Zan sake kallo. Amma in za ka nuna wa yaranka, ka haɗa musu da abin da na faɗa.

Mai Tace Hoto: In sha Allahu zan yi.

Abu Sumayya: Ni dai ina mamakin yadda za a cika gida da maganar kiɗan Turawa tun safe. Ba mu da namu ne?

Mai Kula da Zaure: Malam Abu Sumayya, zauren na masu harkar hoto da sauti ne, makon jiya kwana biyu muka yi a kan tsofaffin hotunan wasan Shata. Wanda bai da sha'awar wannan ya jira na gaba. A ci gaba.

'Yar Kamara: Yaya Mai Tace, ni ina bayanka rabi. Amma kafin nan don Allah ka yi wa sababbi bayanin "Boulevard of Broken Dreams", don jiya wani a wurin aiki yake ce mini ai zane da tabon da ke jikin hoton tacewar kwamfuta ce, na rasa yadda zan gamsar da shi.

Mai Tace Hoto: Ƙanwata, ki ce masa hannu ne ya yi, ba kwamfuta ba. A kan fim na gaske aka ɗauka, irin zaren da ake wankewa. Bayer ya ɗauki fim ɗin ya kankare shi da reza, ya zuba masa kofi, ya ɗiga masa wutar sigari. Duk zanen da kike gani yana gilmawa, da tabon da ke buɗewa kamar ƙuna, rauni ne na gaske a jikin abin. In ya ɓata wuri, ya ɓatu ke nan. Mu yanzu muna danna maɓalli ɗaya a saka mana "tsohon fim", in bai yi ba mu cire. Ki lura da kyau, na kwamfuta yana maimaita kansa, bayan daƙiƙa kaɗan zanen da ya wuce zai dawo a wuri ɗaya. Na Bayer ba ya dawowa. Ido yana gane wannan ko mai idon bai san ya gane ba.

Sannan ga haɗin da ya yi. "Holiday" ya ƙare da motarsu buɗaɗɗiya, tsohuwar Mercury ta 1968, ta mutu a cikin hamada bayan an sha hayaniya da gudu. "Boulevard" ya fara daidai nan, suka sauka suka kama tafiya a ƙasa, ƙura, tsofaffin gidaje, ba kowa. Biki da washegarin biki. Bidiyon ya ci kyauta 6 a bikin MTV na 2005 har da gwarzon bidiyon shekara, waƙar kuma ta ci Grammy a 2006.

Na taɓa gwada irin wannan a aikin wani mawaƙi. Waƙar rabuwa ce, muka ɗauka a bayan gari lokacin hunturu, hazo ya rufe rana, bishiyoyi duk sun yi fari. Na bar ƙurar yadda take, kwana huɗu ina daidaita ta. Da ya zo karɓa ya ce hoton ya yi datti, mutane za su ce ba shi da kuɗin kamara mai kyau. Dole na wanke shi tas, na ƙara launi har shaddarsa tana ƙyalli, kuma ya rage mini kuɗi don jinkiri. Na ajiye na farkon a wani faifai, ni kaɗai nake kallo.

'Yar Kamara: Wannan ciwon duk mun sha shi Yaya. To ga inda na rabu da kai. Ka yaba wa Bayer don ya ɗauki waƙar kaɗaici ya ba ta jiki, hamada da rauni a fim. Ai a Satumba ma abin da ya yi ke nan, jikin ne kawai bai yi maka ba. Kuma ni ina ganin da ya nuna yaro ɗan shekara 10 a bakin kabari, da ya yi arha. Kowa zai yi kuka, a tashi. Wataƙila mawaƙin ma ba zai iya tsayawa a ɗauki wannan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin da ya yi shekara 20 kafin ya iya rubuta waƙa a kan ubansa, kana ganin zai so a sa wani ɗan wasa ya fito a matsayin uban?

Inda nake bayanka shi ne tsawon surutun farko. An daɗe ana alkawarin soyayya a cikin ciyawa kafin jita ta shigo. Da ni ce da almakashi, rabi zan cire.

Kawu na Oakland: 'Yata ta faɗi magana. Bari in ƙara muku abin da na gani da idona a nan. Bidiyon Satumba ya fito ne a lokacin zafi na 2005. A ƙarshen Agusta guguwar Katrina ta afka wa New Orleans, ruwa ya ci gari, mutane a kan rufin gidaje, akasarinsu baƙaƙe talakawa, gwamnati ta yi jinkiri. Sai ga Satumba ta kama. Mutane suka ɗauki waƙar nan suka ɗora a kan hotunan ambaliyar, ta zama tasu. Ba kamfani ne ya tsara wannan ba. A 2006 kuma Green Day da U2 suka sake rera "The Saints Are Coming", tsohuwar waƙar Skids ta 1978, suka yi ta a filin wasa na Superdome da ke New Orleans ranar da aka sake buɗe shi. A bidiyonta an nuna kamar an janye jiragen yaƙi daga Iraƙi sun zo ceton mutanen garin, abin da bai faru ba. Ga kuma waɗanda ke tuna harin 11 ga Satumba 2001 da ita. To ɗana Mai Tace, waƙar ta riga ta fita daga hannun mai ita tun kafin ka ji ta. Uba, soja, ambaliya, kowa da Satumbarsa.

Ɗalibin Samaru: Kawu, amma akwai masu cewa bidiyon ma bai fito ƙarara ya soki yaƙin ba. An nuna sojan Amurka abin tausayi, mutanen Iraƙi da aka rusa wa gari kuma suna can gefe kamar kayan ado. Wannan ya fi damuna a kan maganar uba. Su wa suka fi mutuwa a yaƙin?

Ɗan Damagaram: Wannan gaskiya ce ƙanina. Mu ma da muka kalla a lokacin mun faɗi haka a fada. An ba yarinyar Amurka minti bakwai ta yi kuka, uwar Bagadaza ba a ba ta komai ba.

Maman Ikram: Ban musa ba. Amma ni da na kalla ban ga ana yabon yaƙi ba. Yaro ne aka aske masa kai, aka ba shi bindiga, ya tsinci kansa a bayan bango yana rawar jiki abokansa suna faɗuwa. Kuma ba a nuna ya dawo ko bai dawo ba, aka bar ta zaune ita kaɗai. Wannan rashin sanin shi ne ainihin abin. Wanda ya yi bidiyon ya san wani da ya yi jira.

Mai Tace Hoto: Jama'a na gode, ban zaci zaren zai kai nan ba. Bayan sallar isha'i na yi abin da ban taɓa yi ba. Na kunna waƙar na kifa wayar a kan tabarma don kada in ga komai. Mahaifina ya rasu ina aji biyu na sakandare, gyaran rediyo yake yi a bakin kasuwa. Abin da ya zo mini ƙamshin dalma ne in ya ɗora ƙarfen liƙi, da yadda yake kara rediyo a kunne yana juya maɓalli a hankali idonsa a rufe. Ba soja, ba Iraƙi. Daga nan na juya wayar na kalli bidiyon daga farko har ƙarshe, ina tuna bokitin Maman Ikram a bakin famfo. Wannan karon ban ji haushinsa ba.

Har yanzu da ni aka ba aikin ba haka zan yi ba. Kuma maganar Ɗalibin Samaru a kan mutanen Iraƙi ta zauna mini, ban da amsarta. Amma kalmar "ƙwace" da na yi amfani da ita da safe na janye ta. Gobe akwai yara biyu da za su zo shago, zan nuna musu shi tare da "Good Riddance" a jere, in ce kowa ya faɗi wanda zai yi da waƙar ubansa ce.

'Yar Kamara: Yaya, in ka buɗe faifan nan na hunturu da ka ɓoye, ka turo mini in gani. Ina da aiki a Disamba a wajen gari, ina so in ga yadda ka riƙe hazon bai cinye fuska ba.

Mai Tace Hoto: Zan nemo shi gobe in an kawo wuta. Ki zo da abin ɗauka, ya fi ƙarfin a tura ta waya.